Idan sikirin ya yi baƙi ana tsakar ɗora Linux

Ga tambayar yaron shago: "Oga, wani kwastoma ya kawo laftof 'yar Beljiyam. Ya ce Windows 10 ta daina samun sabuntawa tun Oktoban 2025, ita kuma 11 ta ƙi hawa, saboda haka a sa masa Linux Mint. Na zuba a filas, na kunna, jerin zaɓi ya fito, na danna Enter, tambarin Mint ya ɗan leƙo, daga nan sai baƙi ƙirin. Fanka kuwa tana ta juyawa. Na sake kunnawa har na gaji. Sikirin ne ya mutu in ɗauko wani a sito, ko filas ɗin zan canza?"

Yarona, ajiye sukundireba tukuna. Ai da bakinka ka amsa rabin tambayar. Ka ce ka ga jerin zaɓi, ka ga tambari. Mataccen sikirin ba ya nuna tambarin kowa. A wannan aikin, abin da ake fara tambaya shi ne a wace gaɓa hoton ya ɗauke, domin kowace gaɓa da mai riƙe da ita.

Da ka kunna kwamfuta, BIOS ne ke riƙe da hoto, wato ƙaramar manhajar da ke fara tashi kafin komai, ko UEFI a sababbi. Yana amfani da wata hanya mai sauƙi wadda kowane katin hoto ya san ta. Jerin zaɓin nan da ka gani, GRUB ke nan, shi ma a kan wannan hanyar yake tafiya, shi ya sa bai cika ba da matsala ba. Da ka danna Enter sai kanel, wato zuciyar Linux, ya tashi, ya ɗauko direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya karɓi ragamar sikirin. Tun 2009, daga kanel 2.6.29, aka fara mayar da wannan aiki na saita hoto cikin kanel ɗin kansa. Katin Intel direbansa i915, na AMD amdgpu ko radeon idan tsoho ne, na Nvidia kuma nouveau. To a daidai wurin miƙa ragamar nan hotonka ya ɓace. Direban ya karɓa, bai iya riƙewa ba.

Kafin ka rubuta komai, gwada hannu da ido. Danna Caps Lock. Idan fitilarsa tana kamawa tana mutuwa yadda ka danna, kwamfutar tana raye, hoto kawai ta rasa. Idan fitilar tana ƙiftawa da kanta, kanel ne ya faɗi gaba ɗaya. Sai ka kunna tocilar wayarka ka kara ta a jikin sikirin, ka karkata kai ka duba a kaikaice. Idan ka hango inuwar rubutu ko linzami can ciki, to hoton yana nan, fitilar bayan sikirin ce direban ya kashe. Wannan sau da yawa maɓallin ƙara haske ma yana tayar da ita, idan ya ƙi a ƙara acpi_backlight=native ko acpi_backlight=vendor a wurin da zan nuna maka yanzu. Sannan jona monitar shago ta HDMI ko VGA, don wani lokaci kwamfutar tana can tana aika hoto waje, kai kana kallon ciki. Na ƙarshe, danna Ctrl da Alt da F3 tare. Idan farin rubutu ya fito yana neman suna, katin yana aiki, fuskar Mint mai tagogi da linzami ce kawai ta kasa tashi.

Yanzu yadda za ka shiga. Koma jerin zaɓin. Mint tana da zaɓi na biyu, compatibility mode, Ubuntu kuma, wadda ita ma Linux ce, nata safe graphics. Yawancin lokaci wannan ya wadatar. Amma ina so ka iya yi da hannunka, domin bayan an gama ɗorawa wannan zaɓin ba ya nan. Tsaya a kan zaɓi na farko ka danna e. Idan tsohon jeri ne irin na BIOS, Tab za ka danna. Rubutu zai fito, kada ya razana ka. Nemi layin da ya fara da linux, kusa da ƙarshensa za ka ga quiet splash. Goge su, rubuta nomodeset a gurbinsu, ka danna F10, ko Enter idan ta Tab ka shigo. Abin da ka gaya wa kanel shi ne kada ya taɓa saitin hoto, ya ci gaba da wanda BIOS ya bar masa. Goge quiet splash kuma yana da nasa amfanin: maimakon tambari, rubutu ne zai riƙa gudu, idan ta tsaya sai ka ɗauki hoton layukan ƙarshe da waya. Idan ka ga nouveau ya yi ta maimaituwa a ciki, ba sai an faɗa maka ba.

Ga wani tarko da ke kama yara a kan 'yan Beljiyam ɗin nan. Dubi kibod ɗin. Idan layin sama ya fara da AZERTY, na Faransa ko Beljiyam ne, shi kuwa GRUB tsarin kibod na Amurka yake bi, ba ruwansa da abin da aka rubuta a jikin maɓalli. Ka danna M, sai alamar waƙafi mai ɗigo a sama (;) ta fito. Harafin m yana a maɓallin da ke kusa da N, wanda aka zana wa waƙafi. A da Q ma sun yi musayar wuri, idan za ka rubuta acpi. Mutum zai rubuta kalmar ba daidai ba bai duba ba, kanel ya yi biris da ita shiru, shi kuma ya zo yana rantsuwa wai nomodeset ba ya aiki. Karanta abin da ka rubuta harafi-harafi kafin F10.

To an shiga, an ɗora. Nan ne masu gaggawa ke miƙa wa kwastoma kayansa, nan ne kuma nake faɗa da su. Nomodeset tayar safaya ce, ta kai ka wurin mai faci, ba a kama hanyar Legas da ita. Kwamfutar da aka bari a haka, hotonta yakan maƙale a awo ɗaya, wani lokaci a baje, da'ira ta koma ƙwai. Maɓallin haske ba ya aiki, monita ta biyu ba ta kamawa, idan an rufe murfi ba lallai ta farka ba. Mafi muni, katin hoton yana zaune, furosesa ce ke zana komai da ƙarfinta. Ya buɗe YouTube, fanka ta hau kuka, batir ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. A zafin Afrilu kuwa ka san abin da hakan ke yi wa tsohuwar laftof.

Saboda haka bayan ɗorawa, ka cire filas ka kunna. Idan baƙin ya dawo, ka sake kunnawa kana riƙe da Shift, ko kana ɗan taɓa Esc idan UEFI ce, jerin GRUB zai fito, ka maimaita abin da ka yi da e. Da ka shiga, buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta lspci -k, ka nemo layin da ke da VGA da wanda ke da 3D. Zai gaya maka sunan katin da direban da ke riƙe da shi. Kada ka yarda da sitikar da ke manne kusa da kibod, an sha canza murfi.

Idan layi ɗaya ne, Intel ko AMD, direbansu yana cikin kanel, babu abin saukewa daga wani shafi. Jona intanet, yi sabuntawa gaba ɗaya, ka sake kunnawa ba tare da nomodeset ba. Idan kwamfutar sabuwa ce dal, to kanel ɗin ne ya girme ta. Mint 22 da Ubuntu 24.04 da kanel 6.8 suka fito, katin da aka ƙera bayan nan ba lallai su gane shi ba, maganin shi ne sabon kanel ko sabon fitowar manhajar.

Idan Nvidia ne, zauna da kyau. Shi nouveau ba kamfanin ne ya rubuta shi ba. 'Yan sa-kai ne suka yi ta bin diddigin yadda katin ke aiki, suka rubuta shi ba tare da cikakken bayani daga mai kayan ba, don haka ni ba na zaginsa, ƙoƙari ne babba. Rigimar ta daɗe: a 2012, a Jami'ar Aalto ta Finland, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya fito fili gaban jama'a ya caccaki kamfanin a kan wannan hali. Sai a 2022 suka buɗe wani ɓangare na direbansu, shi ma na sababbin kati ne kawai, daga zubin katunansu da ake kira Turing zuwa sama. Kai dai abin da ya shafe ka: a Mint buɗe Driver Manager, a Ubuntu Additional Drivers, ka zaɓi wanda suka ba da shawara. Kada ka je shafin kamfani ka sauko da fayil mai .run a ƙarshe. Zai iya yin aiki yau, ranar da kanel ya sabunta kwastoma ya dawo maka da baƙin sikirin da ɓacin rai.

Idan Secure Boot, wato tsaron da ke hana loda abin da ba a san sa hannunsa ba, a kunne yake, ana cikin sa direban za a iya neman ka ƙirƙiri kalmar sirri. Rubuta ta a takarda. Da ka sake kunnawa wani shuɗin shafi zai fito mai maganar MOK, kuma ba ya jira da daɗewa. Zaɓi Enroll MOK, ka ci gaba, ka sa kalmar. Wanda ya tsallake shi, direban yana cikin kwamfutar amma kanel zai ƙi loda shi, domin bai san sa hannun da ke kansa ba. Hanya ta biyu ita ce a kashe Secure Boot a BIOS, amma idan akwai Windows a gefe mai BitLocker, wato makullin da ke rufe had dis, ka tabbatar mai ita yana da lambar buɗewa kafin ka taɓa.

Akwai kuma tsofaffin kati, kuma su suka fi zuwa teburinmu. Nvidia ta daina kula da direba 340 a ƙarshen 2019, da 390 a ƙarshen 2022. Kati irin NVS 4200M, wanda ke cikin wasu ThinkPad T420 da Latitude E6420, a 390 ya tsaya. Ka buɗe Driver Manager a sabuwar Mint ka tarar babu abin da za ta ba ka. Za ka ga masu koyar da dabarun cusa tsohon direba a sabon kanel. Ni ban ga ribar ba. Irin waɗannan laftof kati biyu gare su, Intel da Nvidia, tsarin da ake kira Optimus, shi ya sa lspci zai nuna maka layi biyu. Shiga BIOS, sashen hoto. Idan akwai zaɓin Integrated, ɗauke shi, Nvidia ya kwanta. Wanda aikinsa rubutu ne da intanet da kallon bidiyo ba zai san an rage komai ba, sai ma batir da zai ƙara jimawa. Amma karanta da kyau, don a wasu kwamfutocin cire alamar Optimus Intel ɗin yake kashewa ya bar Nvidia shi kaɗai, akasin abin da kake so. Kuma ka tambayi mai ita ko yana jona majigi, domin a wasu ƙirar ramin HDMI ko DisplayPort da katin Nvidia aka haɗa shi kai tsaye, idan ka kwantar da katin ramin ma ya kwanta.

Direba ya zauna, sai ka duba ko safayar ta biyo ka. Buɗe fayil ɗin /etc/default/grub, dubi layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT. Idan nomodeset na ciki, cire shi, ka ajiye, ka rubuta sudo update-grub. Idan ka manta wannan umarnin na ƙarshe, kamar ba ka gyara komai ba.

Tun da muna kai, bari in haɗa maka da ta kwamfutar tebur, don gobe za ta zo. Monita ta rubuta Out of Range, ko hoto ya maƙale a 1024x768 alhali direba lafiya lau. Kowace monita tana ɗauke da ɗan bayanin kanta, EDID, inda take gaya wa kwamfuta awon da take iya ɗauka. A wayar VGA, ta fil na 12 da na 15 wannan bayanin ke bi. Wayoyin nan masu araha wasu ba a ma haɗa waɗannan fil ɗin ba, wasu kuma fil ya lanƙwashe. Hoto zai wuce, bayanin ba zai wuce ba, sai Linux ya koma ƙaramin awo don kada ya yi ɓarna. Juyo kan wayar ka leƙa, ko ka gwada wata mai kauri, kafin ka fara kokawa da cvt da xrandr, umarnin saita awo da hannu. Shi xrandr ma a kan Xorg, tsohon tsarin nuna hoto na Linux, yake saita awo, ba a kan sabon da ake kira Wayland ba. Ubuntu tun 21.04 a kan Wayland take tashi, Mint Cinnamon ce har yanzu ke kan Xorg.

Maganar filas da ka yi ba shirme ba ce, wurinta ne daban. Filas na jabu ko fayil da data ta yanke ana tsakar saukewa yakan tsaya a wurare mabambanta, ko ya cika sikirin da kuskuren SQUASHFS. Lissafa sha256sum na fayil ɗin ka gwada da lambar da ke shafin Mint. Naka kuwa a wuri ɗaya yake mutuwa kullum, bayan tambari, shi ya sa ban zarge shi ba. Idan kuma ram ɗin 2GB ne, Mint mai fuskar Cinnamon za ta yi mata nauyi, sa mata mai fuskar Xfce, ta fi sauƙi.

Je ka kwashe fayilolin mutumin a wani wuri kafin ka taɓa had dis ɗinsa. Idan ka gama, kada ka kira shi sai ka rage haske ka ƙara ka ga yana amsawa, ka rufe murfi ka buɗe ta farka, ka jona monita ta kama, ka yi sabuntawa duka ka kashe ta ka kunna. Hoton layukan lspci kuma ka turo mini kafin ka zaɓi direba.