Ba ruwan sama ke kashe dara ba

Ka tambaye ni ko mutum zai iya shiga ruwan sama da hular dara a kansa, kuma ko mu fara saida maganin fesawar nan da ka gani a salula, wai in an fesa ruwa ba ya kama hula. Aje salular tukuna, yaro, ka matso.

Ka ma san yadda ake yin dara? Ta gaske nake nufi, ta Tunis, ba ta robar da ake lodowa a buhu ba. Da gashin tunkiya ake saƙa ta, ƙatuwa, in ka sa sai ta rufe maka fuska. Daga nan a kai ta Batan, bakin kogin Majarda, a yi ta bugunta cikin ruwa da sabulu har saƙar ta ɓace, ta tsuke ta yi kauri. Sannan a taje ta da ƙaya, a rina, a ɗora ta ta ɗauki siffar kai. To abin da ya sha wannan wankan, yayyafin garinmu Tawa zai ba shi tsoro? Gashin tunkiya yana shan ruwa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa kafin hannunka ya ji danshi. Inda matsalar take, kowane silin gashi yana da 'yan ɓawo a jikinsa. In ruwa da zafi da murza suka haɗu, sai ɓawon nan su sarƙe da juna, kuma ba su warwarewa har abada. Aikin da aka tsayar a Batan shi zai ci gaba, hula mai lamba 58 ta dawo ba ta shiga kan mai 55.

Wannan ba a takarda na karanta shi ba, da dukiyata na saye shi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ke shigowa daga waje ya ninka. Ina da sauran dara da na sara kafin nan, ja wur, masu laushi, ina lallaɓa su don su ne jarina. Da damina ta kankama sai ga wani Alhaji, ba zan kama sunansa ba, wai za a yi wa ƙanensa naɗin sarauta a wani gari, yana son dozin guda don tawagarsa. Ni da kaina na auna kawunansu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kuɗi sai bayan biki. Mutum ne da muke sahu ɗaya a masallaci, na ce ba komai.

Watan Agusta ne. A hanyar dawowa hadari ya same su a bayan buɗaɗɗiyar mota. Kwana ya yi kwana ban ga kuɗi ba, sai ga yaronsa da ƙullin leda, wai Alhaji ya ce in karɓi kayana, jabu ne, sun tsuke, kuma jan ya zuba a farar shaddarsa, don haka ni ma da biyan da zan yi. Ina kwance ledar nan warin hayaƙi da fumfuna ya buge ni. Na ɗauki ɗaya na juya ta, bakinta ya yi ƙauri, gashin ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, ta ƙandare ta karkace gefe guda. Wata kuma ga shatin dutsen guga kwance a samanta. Na zaunar da yaron, na saya masa shayi, bai daɗe ba ya faɗi gaskiya. Murɗe su suka yi kamar tsumma, suka jera su a bakin murhun gawayi don su bushe kafin safe, wanda ya fi gaggawa ya bi tasa da guga.

Muka je gaban dattawan kasuwa. Duk sun ga ƙunar da idonsu, amma mai kuɗi ne, sai aka ce a yi haƙuri, a raba asara. Ya biya rabi, a tsohon farashi. Yi lissafi da kanka: rabin tsohon farashi, kaya kuma sun ninka. Kuɗin hula goma sha biyu ya sayo mini uku. Kuma ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Ya bi rumfa rumfa yana cewa ina saida jabu, ni da ban taɓa ba wa mutum roba na ce masa gashi ne ba. Har yau in ya yi mini sallama ina amsawa don Allah ya ce a amsa, iyakarta ke nan.

Yanzu ga amsarka. Yayyafi daga masallaci zuwa gida, a bar hula a kai. Ruwa mai ƙarfi, a cire, musamman sabuwa, don jan rini yakan ɗan zuba, kuma wannan ka riƙa faɗa wa mai saye tun kafin ya miƙo kuɗi. Abin da ku yaran yanzu ba ku lura da shi ba, a nan Adar ƙura ce ke riga ruwa isowa. In ka ga gabas ta yi ja, iska ta taso, lokacin cire hula ke nan, a sa ta cikin riga. In ƙura ta riga ta cika gashin sannan ɗigo ya sauka, taɓo ne ake kwaɓawa a kanka, shi ke barin tabo.

In ta jiƙe, a kaɗe ta, a danna tawul a hankali, a ɗora ta kan itacen da ya yi daidai da lambarta, a aje a inuwa inda iska ke ratsawa. Ko kwana biyu za ta yi, a ƙyale ta. Ba wuta, ba rana tsaka, ba guga. Taɓo kuma sai ya bushe ake bin sa da buroshi. Yadda ake riƙe buroshi ba zan tsaya koya maka ba, in har yanzu ba ka iya ba to zaman me kake yi a rumfar nan? Leda kuwa ta hanya ce kawai, mai kabu-kabu ya ratsa ruwa da ita, yana isa ya fitar. In ta kwana a ciki da danshi fumfuna ta kama ta.

Maganin fesawa ban hana wani ba, amma ba a rumfata ba. Turawa sun yi shi ne don hulunansu masu baki, a ƙasar da ake wuni ana yayyafi. Mu daga Yuni zuwa Satumba ake ruwa, daga nan ya ƙare, sauran shekara ƙura ce, kuma wanda na gwada duhunta jan ya yi. Ku komai sai an zuba muku a kwalba kuke yarda da shi, haƙurin jiran hula ta bushe ne ba ku da shi.

Daga yau duk darar da ta fita, ka rubuta lambarta da sunan mai ita a littafi, a gabansa. Wadda aka dawo da ita kuma, kafin ka buɗe baki ka kai ta hanci ka shinshina, sannan ka auna. Bashi kuwa ba kai ke bayarwa ba, ko wane ne ka turo shi wurina. Tashi ka shigo da na kan igiya, ga gabas can ta fara haɗuwa.