Me ya sa ba a daina tallan da ke gundurar mutane?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa kamfanoni ke zuba kuɗi a tallan talabijin mai ihu da maimaita magana ɗaya, alhali kowa tsaki yake ja idan ya fito. Amsar ita ce sunan kayan suke so ya zauna maka a ka, ko ka ji daɗin tallan ko ba ka ji ba. A 2006 an yi tallan wani magani mai suna HeadOn a Amurka: murya ta faɗi jimla ɗaya sau uku, cewa a shafa shi a goshi, ba a ma ambaci ciwon da aka yi shi dominsa ba. Mutane suka yi ta ƙorafi, har kamfanin ya fito da sabon talla inda wasu ke cewa sun tsani tallan amma suna son maganin.

Sai dai a ganina dabarar ta fi ci a kan kayan araha. Na taɓa sayen wani sabulu don waƙar tallansa ta ƙi fita daga bakin yarana, ya ƙi kumfa, ban sake waiwayarsa ba. Da firji ne ko babur, wallahi sai na tambayi wanda ya taɓa amfani da shi kafin in fitar da kuɗina.