Tambayi Likita: Zafin Ɗaki da Lafiyar Iyali

Tambaya: Likita, gidana na bulo ne da rufin kwano. Da bazara ɗaki yakan zama kamar tanda, yara ba sa barci. Ina mafita? Daga wani magidanci a Sakkwato.

Amsa: Malam, taɓa bangon yamma bayan isha'i, za ka ji shi da ɗumi. Zafin da ya sha tun azahar yake amayar muku da dare. Soron ƙasa na kakanninmu yana da kauri, zafi kan daɗe kafin ya ratsa shi, amma bulo ba ya da wannan haƙurin.

Dabarar magina ita ce a yi wa bangon riga: a kafa wani siririn bango ko allo a waje, a bar rata kamar faɗin tafin hannu, a buɗe ta sama da ƙasa. Rana sai ta doki rigar, iskar da ta yi zafi a ratar ta hau ta fice, wata ta shigo ta ƙasa. Irin wannan hikima mai zanen gine-gine Francis Kéré ya yi a makarantar Gando ta Burkina Faso a 2001, inda ya ɗaga kwano sama da silin don iska ta ratsa. In aljihu bai kai ba, ko zana ka kafa ba tare da ta taɓa bangon ba, za ka ga bambanci. Ka sa silin, kuma tagogi su fuskanci juna.

Tambaya: Jaririna wata huɗu, zafi ya yi yawa. In ba shi ruwa? Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: A'a, baiwar Allah. Kafin wata shida nono ya wadatar, ki dai yawaita ba shi. Ki rage masa kaya. In ya ƙi kama nono, ko fitsari ya ragu, ko maɗigarsa ta lotsa, ku tafi asibiti nan take.

Tambaya: Da gaske zafi ne ke kawo sanƙarau? Daga wani ɗalibi a Katsina.

Amsa: Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ta hanyar tari da atishawa. Ƙura da busasshiyar iska suna raunana maƙogwaro, cunkoso a ɗakin da aka toshe tagoginsa kuma ya sauƙaƙa yaɗuwa. Annobar 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya. Ku yi rigakafi, ku bar taga a buɗe, amma ku shiga gidan sauro don gudun cizon sauro. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ba sa jiran gari ya waye.