Katafila mai AdBlue: za ta yi aiki da man dizal ɗinmu?

Malam, ka ce an yi maka tayin katafilar haƙa ta hannu daga Turai, mai tankin AdBlue, kana tsoron kada man dizal ɗinmu ya kashe ta. Tsoronka na kan hanya.

Injunan da aka ƙera bisa ƙa'idar Stage V ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2019, suna da matata a cikin salansa da ke kama baƙin hayaƙi. AdBlue kuwa yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari a tataccen ruwa. Ana fesa ta cikin salansa ta mayar da gubar hayaƙin ta koma iskar naitorojin da tururi.

Matsalar tana wajen farar wuta. Farar wutar da ke cikin man dizal na Turai ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Idan ka zuba na bumburutu da aka auno a jarka, mai farar wuta da yawa, matatar za ta toshe, fitila ta kunnu a gaban direba, kwamfutar injin ta rage masa ƙarfi har ya kasa ɗaga bokiti cike da jar ƙasa. Haka ma kwamfutar za ta rage masa ƙarfi idan AdBlue ya ƙare. Kuma don Allah kada wani ya ce ka jiƙa takin yuriya ka zuba a madadin AdBlue, famfon da ke fesa shi zai mutu.

Ni dai in aikin a cikin gari ne, kusa da amintaccen gidan mai, da makanike mai na'urar karanta kwamfuta, sai in saya. In can cikin daji za ka kai ta, nemi tsohon samfuri.