Me ya sa fitsarina ke raguwa yana yin ja da bazara?

Tambaya: Likita, ni ɗan kabu-kabu ne a nan Maraɗi. Tun da zafi ya shigo, sai in wuni ban yi fitsari ba sai sau ɗaya ko biyu, shi ma kaɗan, launinsa kamar shayi. Kwiɓina na ciwo, ina shan ƙwayar ciwon jiki. Ko ƙodata ce ta lalace?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ka kwatanta ya fi kama da ƙoda mai ƙoƙarin ceton jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci. Sai dai ƙwayar nan ta dame ni, zan dawo kanta.

Ƙoda biyu ne, suna can baya, dama da hagun ƙashin baya, ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe. Kowace ba ta wuce dunƙulen hannunka ba, amma a cikinta akwai 'yan matatai kusan miliyan ɗaya. A kwana guda suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini, wato jarka tara masu cin lita 20. Da duk wannan ne ke fita, da ba wanda zai kai azahar da rai. Sai ƙoda ta mayar da kusan kashi 99 cikin ɗari cikin jini, tare da suga da gishirin da jiki ke buƙata, ta bar lita ɗaya da rabi ɗauke da datti. Wannan ragowar ita ke gangarowa ta bututu biyu, kowane tsawonsa santimita 25 zuwa 30, ta taru a mafitsara. Mafitsara jaka ce ta tsoka, tana riƙe kusan rabin lita kafin ta matsa maka.

To, ka duba wuninka. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kana kan babur daga kasuwa zuwa tasha, iska na busar da gumin tun kafin ka lura rigarka ta jiƙe. Idan ruwan jini ya ragu, ƙwaƙwalwa kan saki wani sinadari mai suna ADH, ya umarci ƙoda ta riƙe ruwa. Dattin bai ragu ba, ruwan da zai tsinka shi ne ya yi kaɗan, shi ya sa launin ya yi duhu. Idan aka daɗe a haka, gishirin cikin fitsari kan dunƙule ya zama tsakuwa, kuma ciwon kwiɓi na iya zuwa daga nan.

Ƙwayoyi irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saya a tire a bakin titi, suna rage jinin da ke isa ƙoda. A jikin da ya riga ya bushe, sukan yi ɓarna ta gaske. Don Allah ka dakata da su.

Ka ɗaura gorar ruwa a babur, ka riƙa kurɓa ba sai ƙishirwa ta kama ka ba, har fitsarin ya koma ruwan ɗorawa mai haske. Idan kwana biyu suka wuce bai sauya ba, ka je asibiti. Kada ma ka jira kwana biyun idan akwai zazzaɓi, ko kumburin ƙafa da fuska, ko idanu suka yi rawaya, ko ka ga jini. Jinin da ke ɗigowa a ƙarshen fitsari sau da yawa tsargiya ce, musamman ga wanda ke shiga gulbi ko tabki irin na Madarunfa, kuma tana da magani, praziquantel. Idan ka je, ka nemi a gwada fitsarin, a auna hawan jini da suga, domin su biyun ne suka fi cinye ƙoda ba tare da mutum ya ji komai ba.