Tashar nukiliya idan ta tsufa, ana sayar da ƙarfenta a gwangwan?

Malam, ka ce a wajen 'yan gwangwan na Agege kuka yi gardama kan ko ƙarfen tashar nukiliyar da aka rufe yana shiga kasuwa. Wani ƙarfen yana shiga, bayan an auna shi an tabbatar ba shi da tururin guba. Amma ƙarfen tukunyar da makamashin nukiliyar yake aiki a ciki, a'a.

Da farko ana zare sandunan makamashin nukiliyar daga tukunyar, a nutsa su cikin ruwa shekaru har su huce, sannan a kulle su a manyan tankunan ƙarfe da kankare. Finland ma rami ta haƙa musu, zurfin sama da mita 400. A Amurka ana iya barin ginin ya jima, a gama rushe shi cikin shekara 60, saboda gubar kobalt-60, sinadarin da ke fitar da tururin guba a cikin ƙarfen, tana raguwa da rabi duk shekara biyar da 'yan watanni. Babban abin tsoro kuwa shi ne gubar ta shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Mu nan Najeriya 'yar ƙaramar tukunyar nukiliya ce kawai muke da ita a Zariya, ta bincike. Abin da ya fi shafarku shi ne tsofaffin na'urorin asibiti masu sinadarin tururin guba a ciki. A Brazil, a 1987, an fasa wata, mutum huɗu suka mutu. In ka ga ƙarfe mai nauyi da alamar fuka-fuki uku, kada ka sa masa guduma, kada ka kai shi gida. Matsa nesa, a sanar da NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya.