Fatawa: Koyon gyaran waya a cibiyar matasa, da rancen da ke biye da shi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni saurayi ne daga Marwa a arewacin Kamaru, shekarata 21. Na sauke Alƙur'ani, boko kuwa a firamare na tsaya. An ɗauke ni a wata cibiyar horar da matasa, ana koya mana gyaran waya, da rubuta shiga da fitar kuɗi, da yadda ake magana da mai kawo aiki, har da danne fushi. Wata ƙungiyar Turawa ce ke biyan kuɗin horon. Baffana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya ji wani mai wa'azi yana cewa wannan jiɓintar kafirai ne, sai ya ce in bari. In an gama za a ba mu kayan aiki kyauta, mai so kuma a ranta masa sefa dubu 200 ya biya dubu 220 cikin shekara. Mene ne hukuncin karatuna?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka wa baffanka da alheri.

Koyon sana'a da neman halali ba a saɓa a kansu ba. Lissafi da iya magana da danne fushi kuwa addininka ya riga cibiyar umartarka da su.

Maganar mai wa'azin ce ke buƙatar tsayawa, don ta yaɗu a majalisu, kuma ta hana yara da yawa alheri. Jiɓintar da Alƙur'ani ya hana ita ce son kafirci, ko taimakon masu yaƙar Musulmi a kan Musulmi. Koyo a hannun wanda ba Musulmi ba, ko karɓar taimakonsa, wani babi ne daban. Bayan yaƙin Badar, fursunonin Ƙuraishawa da ba su da abin fansa sai aka sa su koya wa yaran Madina rubutu. Mushirikai ne, kuma yaran Ansar aka zaunar a gabansu. Ranar hijira, wanda ya nuna wa Annabi (SAW) da Abubakar hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, yana kan addinin mutanensa. Gab da Hunaini, Annabi ya ari sulke wurin Safwanu ɗan Umayya tun bai musulunta ba. Ya karɓi kyautar Muƙauƙis na Masar, ya karɓi farar alfadarar sarkin Aila a tafiyar Tabuka. Masu haramtawa sukan kafa hujja da hadisin Iyadu ɗan Himar, wanda Annabi ya mayar masa da kyautarsa yana mushiriki. Malamai sun amsa cewa an mayar ne don a zaburar da shi ya musulunta, ya kuwa musulunta. Wasu suka ce hukuncin an shafe shi. Ko ta yaya, ba a ɗaukar hadisi ɗaya a rushe aikin da Annabi ya maimaita har ƙarshen rayuwarsa. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana, wadda ba ta hana kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, kuma tana nan.

In suka ce ƙungiyoyin suna da ɓoyayyar manufa, sai mu ce a kawo abin da aka gani. An ce ka bar salla? An sa sharaɗin ka halarci addu'ar wani addini? In haka ta faru, fita a ranar. In ba ta faru ba, zato ba ya haramta halal. Mu mutanen wannan yanki mun ga inda haramta komai ya kai mu: tun 2014 garuruwan Kolofata da Amcide da Fotokol suke ɗanɗana kuɗarsu a hannun Boko Haram, kuma saurayin da ba shi da aikin yi ba shi da wuyar ja. Wanda ya ce ka bar cibiya, tambaye shi ina za ka je. Bakin titi sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumoga, a kwalba, ko majalisar masu haɗiyar tiramol?

Abin da ya fi damuna shi ne jimlarka ta ƙarshe, wadda ka faɗa kamar ba komai ba. Kayan aikin kyauta ne, karɓe su. Amma dubu 200 a mayar da 220 riba ce, wato kuɗin ruwa, ko da an kira ta tallafi, ko da kaɗan ce, ko da gwamnati ce ta bayar. Ka san abin da Risala ta ce: rancen da ke jawo amfani bai halatta ba. Wuri ɗaya ne hukuncin zai canja. In dubu 20 ɗin nan kuɗin takardu ne na gaskiya, gwargwadon abin da aka kashe wajen buɗe fayil, ba ya ƙaruwa da yawan rancen ko da jinkirin biya, to Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta halatta irinsa a zamanta na Amman a 1986. Yadda ka kawo shi dai, kashi goma cikin ɗari cif, ya fi kama da kuɗin ruwa. Shirye-shiryen matasa a Kamaru suna da yawa, daga PAJER-U, shirin gwamnati na tallafa wa matasan karkara da birni, har shirin shekara uku na sefa biliyan 102 da Shugaba Paul Biya ya sanar a 2016, ga kuma na ƙungiyoyi, kowanne da sharuɗɗansa. Saboda haka karɓo takardar tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. In da Faransanci take, nemi amintacce ya karanta maka layi-layi, musamman wurin tarar jinkiri. In ta tabbata riba ce, gama karatunka ka bar rancen. Ga adashi, ga ƙiradi da wani ɗan kasuwa ya sa jari ku raba riba, ga sayen kayan gyara bashi a farashin da aka yanke tun farko, ko da ya ɗara na hannu da hannu.

Sai abin da ba ka tambaya ba. Wayar da aka kawo maka amana ce. Matar aure za ta miƙo maka waya da lambar buɗewa don ka canja gilashi. Hotunanta da saƙonninta haramun ne a kanka, balle kwafe su. Yaro ya zo da waya mai tsada a kulle, ya ce ya manta lamba, ba rasit ba kwali, kar ka buɗe. In ka sa batir na jabu, faɗa wa mai ita, ka caje shi kuɗin jabu. Juma'a ranar aiki ce a ƙasar nan, don haka nemi izinin fita salla tun farkon mako, da ladabi. In ajin a cakuɗe yake da 'yan mata, runtse ido, kar ka keɓe da kowa. In an zo darasin lafiyar jiki da aure, ɗauki ilimin, abin da ya saɓa wa shari'a ka bar musu.

Baffanka tsoron Allah da tsoron lalacewarka ne suka sa shi magana. Kar ka kai masa wannan amsa kamar ka ci nasara a kansa. Samu limamin unguwarku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, su zauna da shi, in ya yarda ka kai shi cibiyar ya gani da idonsa. Kafin nan kar ka fita a ɓoye, kar kuma ka ɗaga masa murya.

Allah ne mafi sani.